Lafiyata ƙalau, me zai kai ni gwajin sankarar bakin mahaifa?

"Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 39, an yi mini aure ina da 16, haihuwata bakwai, kuma alhamdulillahi ba na jin ciwon komai. An yi sanarwa a islamiyyarmu cewa za a yi wa mata gwajin sankarar bakin mahaifa kyauta a asibitin unguwarmu. Da na gaya wa maigida sai ya ce me zai kai mai lafiya asibiti a buɗe ta. Uwar mijina ta ce ciwon matan banza ne, kada in je in tono abin da Allah ya rufe. Abokiyar zamana kuwa ta ce ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta je ba. Ni dai gabana yana faɗuwa, don gwaggona da zubar jini ta yi ta fama har ta rasu, sai daga baya muka ji an ce daji ne. Sannan ina da 'ya mai shekara 12, da aka zo yin allurar a makarantarsu na hana, saboda an ce tana hana haihuwa. Don Allah ki faɗa mini gaskiya, in je ko kada in je?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya jiƙan gwaggo, ya sa jinyar da ta sha ta zame mata kaffara.

Ki je. Amma na san in na tsaya a nan ban taimake ki da komai ba, don ba ke kaɗai za ki yanke maganar ba, akwai mutum uku a gidan da kowa ya faɗi tasa. Tambayarki ta ƙunshi abu uku: ko mai lafiya tana bukatar wannan gwaji, ko zuwa gwajin zubar da mutunci ne, sai kuma allurar yarinya. Zan bi su yadda nake yi wa matan da ke zama a gabana a ɗakin duba mata.

Abin da ke faruwa a bakin mahaifa

Bakin mahaifa shi ne wurin nan da ke buɗewa lokacin naƙuda, wanda ungozoma ke aunawa ta ce miki da saura ko ya kusa. Kusan duk sankarar da ke fitowa a wurin wata ƙwayar cuta ce ke jawo ta, ana kiranta HPV. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano alaƙar, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Ƙwayar tana da iri fiye da 100, amma guda biyu, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, kuma yawancin maza da matan da suka taɓa saduwa sai sun gamu da ita a rayuwarsu ba tare da sun sani ba. Ba zazzaɓi, ba ƙaiƙayi, ba komai. A cikin mutum 10, kusan 9 garkuwar jikinsu takan kawar da ita cikin shekara biyu.

Matsalar tana ga wadda ƙwayar ta zauna mata. A hankali sai ta riƙa sauya fatar bakin mahaifa, kuma kafin wannan sauyi ya rikiɗe ya zama sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ga mace mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki abin ya fi sauri, shekara 5 zuwa 10, kuma haɗarin kamuwarta ya ninka na sauran mata har sau shida. Duk tsawon shekarun nan mace ba ta jin komai. Tana ɗaukar ciki, tana haihuwa, tana yaye, tana azuminta, jama'a na yaba ƙibarta.

To kin ga maganar maigida, cewa mai lafiya ba ta da abin yi a asibiti, a kan zazzaɓi ko ciwon kai tana da kama, amma a nan ba ta hau ba. Wannan gwaji don mai lafiya aka yi shi. Abin da muke nema shi ne ɗan tabon da bai zama sankara ba tukuna, wanda za a iya kashewa cikin 'yan mintoci. Wadda ta fara zubar da jini ta wuce layin gwajin kyauta, bincike sosai take bukata.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna mata kusan 12,000 ne suka kamu da wannan ciwo a Najeriya a shekarar, kusan 8,000 kuma suka rasu. Ki dubi yadda lambobin biyu suka kusanci juna. Dalilin kuwa sai abu ya ci jiki ake zuwa. Ƙasar Ostireliya, wadda ta daɗe tana yi wa matanta gwaji da allura, tana sa ran kawar da ciwon daga jerin matsalolin lafiyar jama'arta nan da 2035.

A bayaninki akwai abu biyu da suka sa na fi son ki je: aure da wuri da yawan haihuwa. Bakin mahaifar yarinya 'yar 16 bai gama ƙwari ba, ƙwayar ta fi samun wurin zama, kuma haihuwa da yawa tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗari. Wannan ba laifinki ba ne, haka akasarin matanmu suke. Batun gwaggo kuma, wannan sankara ba gadonta ake yi kai tsaye ba, kuma zubar jini ga babbar mace yana iya fitowa daga cikin mahaifar kanta. Kada ki ɗauka abin da ya same ta yana jiranki.

Abin da ke hana mata zuwa

An fi cewa jahilci ne. Ni ban cika yarda ba. Gaskiya ne mata da yawa, musamman a karkara, ba su taɓa jin sunan gwajin ba. Amma waɗanda suka ji ma ba sa zuwa. Har a cikinmu ma'aikatan asibiti, akwai malaman jinya da ke yi wa wasu gwajin kullum, su kuwa ba su taɓa hawa gadon ba. Ba rashin sani ne ya hana su ba.

Na farko kunya, kuma ba na raina ta. Macen da aka tarbiyyantar a kan sutura, a ce ta kwanta ta buɗe jikinta alhali ba naƙuda take ba, ba ciwo take ji ba, dole abin ya yi mata nauyi. Abin da zan ce shi ne, a asibitocin unguwa ungozomomi da malaman jinya mata ne suka fi yin wannan aiki, kuma kina da damar ki ce mace kike so, ki ce a ja labule, ki ce ɗalibai su fita. Babu wanda zai kore ki don kin faɗi haka.

Na biyu tsoro. "Gara ban sani ba," haka suke ce mini. Wannan tsoron yana da tushe, domin duk wadda suka sani da aka ce tana da daji mutuwa ta yi. Daga nan ne ma maganar nan ta samo asali, wai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, da an taɓa shi sai ya bazu. Yadda abin yake shi ne, ana ajiye mara lafiya a gida shekara ɗaya ko biyu ana jiƙe-jiƙe da hayaƙi, sai ta galabaita a kawo ta, a ɗebi ɗan nama don bincike, bayan wata biyu ta rasu. Sai a ce ƙarfen ne. Ba a ganin matan da aka kashe wa tabo tun yana ƙarami suka koma gida suka ci gaba da haihuwa, don su ba sa ba da labari.

Na uku ita ce maganar Hajiya uwar mijinki, wai ciwon matan banza ne. Wannan ta fi kowacce ɓarna, don ita ke sa mace mai ciwo ta ɓoye. Macen da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya ɗaukar ƙwayar. Mijin ma ba sai ya yi neman banza ba. Ya auri bazawara, ko ya taɓa aure ya rabu, ko yana da mata biyu ko uku, duk halal ne, kuma ƙwayar ba ta tambayar ko an ɗaura aure. Tana iya kwanciya a jiki shekaru masu yawa, saboda haka babu gwajin da zai nuna wa ya kawo ta ko yaushe. Wasu mazan sukan ce ai mu muna da kaciya. Kaciya tana rage yaɗuwar ƙwayar, amma ba ta hana ta gaba ɗaya. Yawancin waɗanda nake gani da wannan ciwo iyaye ne da kakanni, masu carbi a hannu, waɗanda suka yi shekara 30 a ɗaki ɗaya.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma muna da namu. Mace ta roƙi izini da ƙyar, ta ranci kuɗin mota, ta zo a daka mata tsawa, ko a ce kayan aiki sun ƙare ta dawo wani mako. Ko a yi gangamin gwaji a gano tabo, amma babu na'urar magani a wurin, a rubuta mata takarda zuwa babban asibiti mai nisa, daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba. Kuma mace takan yi awo sau bakwai, ta kawo yara rigakafi ba adadi, ba wanda ya taɓa ce mata ga wani gwaji da ya kamata ki yi. Wannan ya sa da yawa suke zaton an riga an duba su. "Ai an yi mini hoton ciki an ce mahaifata lafiya lau." Hoton ciki yana nuna jariri da ƙari da ƙwan mace, amma ba ya ganin irin tabon da muke magana. Awo ma ba ya ƙunsar wannan gwaji sai an yi shi musamman.

Jinin da ake kai wa malam

Ke ba ki da alama, amma ki riƙe wannan saboda Hajiya da maƙwabta. Alamun farko su ne ganin jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada da al'ada, jini bayan mace ta daina al'ada, da ruwa mai wari da ke zuba ba ya jin magani. Ciwon mara da na ƙugu sukan zo daga baya.

A wurinmu kowace daga cikin alamun nan tana da inda ake kai ta, kuma ba asibiti ba. Ruwa mai wari sunansa sanyi, a tafi kemis ko wurin mai maganin gargajiya, a sha na wata shida. Jinin da ya ƙi tsayawa sunansa istihala, sai a aika wa malam tambaya: ya halatta in yi salla? Malam ya ba da amsa daidai, ta yi tsarki ta yi alwala ta yi sallarta. Hukuncin salla ya fita, amma ba wanda ya tambayi daga ina jinin yake fitowa. Ina roƙon malamanmu, maza da mata, duk wadda ta kawo tambayar istihala a ba ta fatawa, sannan a ƙara mata da cewa ta je a duba ta.

Tsofaffi sun fi ba ni tausayi. Za ki ga an shigo da dattijuwa, 'yarta na riƙe da ita, ƙanshin turaren wuta ya riga ta shiga ɗaki don ta turara zannuwanta sosai kafin ta fito. Ta ƙi zama a kujera sai ta shimfiɗa ɗankwali. In na tambaya yaushe jinin ya fara, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Al'ada ce ta dawo mini, 'yar nan, tun azumin bara." Ta ɓoye wa kowa, tana wanke tsummokaranta da dare, don kunyar a ce tsohuwa da jikoki tana haila. Al'adar da ta tafi shekara guda cur ba ta dawowa. Duk jinin da aka gani bayan nan, ko ɗigo ne, na asibiti ne. A irin wannan mataki magani ya koma gashi da na'ura da ƙarin ruwan maganin daji, kuma wuraren da ke da na'urar kaɗan ne, irin su Shika da Sakkwato da Abuja, ga layi, ga kuɗi mai yawa, ga zaman jinya a garin da ba naka ba.

Yadda ake yin gwajin

Za ki kwanta kamar yadda ake yi a ɗakin haihuwa. Za a saka wani ɗan abu na ƙarfe ko roba mai kama da bakin agwagwa don a hango bakin mahaifa. Akwai ɗan sanyi da takura, amma ba zafi, musamman ga wadda ta haihu. Duka bai fi minti biyar zuwa goma ba.

Daga nan hanya uku ce. Wadda aka fi yi a gangamin kyauta ita ce ta ruwan khal: a shafa shi da auduga, a jira minti ɗaya, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. Nan take za ki ji sakamako. Rauninta shi ne ta dogara da idon mai dubawa, takan nuna fari a inda ba komai, takan kuma tsallake wani abu, sannan ba ta dace da wadda ta daina al'ada ba don wurin da ake dubawa yakan shige ciki. Ta biyu gwajin Pap, a shafo ɗan abu a kai ɗakin bincike, sakamako ya fito bayan kwanaki ko makonni. Ta uku, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so tun 2021, ita ce neman ƙwayar HPV kanta. Ta fi sauran kama ciwo, kuma tana da wani alheri ga masu kunya: mace na iya shiga bayi ta ɗebo da kanta da ɗan tsinken auduga ta miƙa. Sai dai ta fi tsada kuma ba ko'ina ake samunta ba. Kada ki zauna jiranta, ki yi wadda ta zo ƙofar gidanki.

Ƙa'idar hukumar ita ce a fara daga shekara 30, mai cuta mai karya garkuwar jiki kuma daga 25. In na khal ne ko Pap, a maimaita duk shekara 3. In na HPV ne kuma ya fita lafiya, sai bayan shekara 5 zuwa 10 ga wadda ba ta ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Ki zaɓi ranar da ba kya al'ada, kuma kwana biyu kafin nan ki dakata da matsi da duk wani abin da ake sakawa.

In an ce an ga wani abu, kada ki ɗora hannu a ka. Akasari ba sankara ba ce, tabo ne. Ana ɗora masa wani ɗan ƙarfe mai zafin digiri 100 na ƙasa da minti ɗaya, ko a daskarar da shi da iskar gas mai sanyi. Ba a sa barci, za ki ji kamar murɗar al'ada, ki sauko ki tafi gida. Ba a cire mahaifa, kuma ba ya hana ɗaukar ciki. In tabon babba ne sai a yanke shi da wata siririyar waya mai lantarki, wannan kam yana ɗan ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini nan gaba, shi ya sa likita ke aunawa kafin ya yi. Bayan magani ruwa zai riƙa zuba har kusan wata ɗaya, kuma a dawo a sake dubawa bayan shekara. Kafin ki hau gadon ki tambaya: in an ga abu, a nan za a yi magani ko ina za a tura ni? In Pap ne, ki tambayi ranar karɓar sakamako, ki kuma je ki karɓa. Takardu da yawa suna nan jibge a asibitoci masu su ba su dawo ba.

Maigida da abokiyar zama

Ban ba ki shawarar ki saci jiki ki tafi ba. Ban da abin da zai jawo a gida, in aka yi miki magani sai an ƙaurace wa shimfiɗa mako huɗu kafin wurin ya warke. A gidan da ake rabon kwana wannan ba ya ɓoyuwa, kuma na ga matan da suka koma da wuri don tsoron faɗa, suka dawo da jini. Gara ya sani tun farko.

A abin da na lura, maza ba sa jin dogon bayanin ƙwayar cuta, amma suna jin abu biyu: mace ce za ta duba, kuma abin da yau kyauta ne gobe yana iya cin gona da fili. Ki same shi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki tuna masa da gwaggo tunda ya ga jinyarta. In ya ƙi, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayarsa ko malamin da ya bari aka yi sanarwar a islamiyya, ko ki roƙe shi ya raka ki ya ji daga bakin ma'aikaciyar. Hajiya kuwa kada ki yi musu da ita, uwa ce. Abokiyar zamanki ma kada ki ce mata ta je don mijinku ɗaya, nan take zance zai koma wa ya shafa wa wa. In ta kai 30 gwajin ya hau kanta ko da ita kaɗai ce a gidan. Sau da yawa in ɗaya ta je ta dawo tana dariya, ɗayar takan bi sahu ba tare da an roƙe ta ba.

Allurar yarinya

Ban ga laifinki ba da kika ji tsoro. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanen Kano ba su manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200, maganar da ta kai kotu har aka sasanta a 2009. Amma mu tuna da 2003 ma, da aka dakatar da allurar shan inna a Kano bisa wannan zargi na hana haihuwa. Yara suka shanye, cutar ta tsallaka ƙasashe, daga baya aka dawo aka ci gaba, kuma yaran da aka ɗiga wa a lokacin su ne ke cika mana ɗakin haihuwa yau.

Allurar HPV ba sabuwa ba ce, tun 2006 ake amfani da ita. Ingila ta fara yi wa 'yan makaranta a 2008, kuma binciken da aka fitar a 2021 ya nuna sankarar ta ragu da kusan kashi 87 cikin 100 a cikin waɗanda aka yi wa suna da shekara 12 zuwa 13. Malesiya, ƙasar da Musulmi suka fi yawa, ta fara a 2010, Ruwanda a 2011. An bibiyi miliyoyin 'yan mata, ba a sami alaƙa tsakaninta da rashin haihuwa ba. Abin da takan jawo shi ne ciwon hannu na kwana ɗaya ko biyu, ɗan zazzaɓi, wata kuma jiri ya ɗebe ta don tsoron allura, shi ya sa ake zaunar da su na ɗan lokaci bayan an yi.

Najeriya ta shigar da ita cikin rigakafin yara a watan Oktoban 2023, kyauta, allura ɗaya tak ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Kano da Jigawa da Bauchi da Kebbi suna rukunin farko, sauran jihohi suka biyo baya a watan Mayun 2024. Iyaye sukan tambaye ni me ya sa sai ƙananan yara mata, kuma tambaya ce mai kyau. Allurar tana hana ƙwayar shiga ne, ba ta korar wadda ta riga ta shiga, saboda haka dole a yi ta kafin aure, kuma jikin yara ya fi karɓarta. Mata aka fara da su don su ne ciwon ke kashewa, amma ƙasashe masu hali suna yi wa yara maza ma.

'Yarki tana cikin shekarun da suka dace. Ki ɗauki katinta ki je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ɓangaren rigakafi, ki ce gangamin ya wuce ta, za su gaya miki ko akwai a wurin ko inda za ki samu. Allurar ba ta rufe dukkan ire-iren ƙwayar ba, don haka in ta kai 30 ita ma sai ta yi gwaji. Ke kuma a shekarunki gwajin ya fi miki allurar amfani.

Duk abin da na faɗa na gina shi ne a kan cewa ba kya ganin komai, kuma ban duba ki ba. In akwai ɗan jini bayan kwanciya da kika ji nauyin rubutawa, ko ruwan da kike ta sha wa maganin sanyi ya ƙi ɗaukewa, kada ki jira ranar gangami. Ki je ɓangaren mata na babban asibiti a wannan makon, ki faɗa wa likita da bakinki tun kafin ya tambaya.